Tulu a Cikin Duro: Kwanakin Bazara a Herwagana

Asabar, 5 ga Afrilu

Zafi ya kai inda yake kaiwa. Tun hantsi simintin tsakar gida ba ya takuwa sai da takalmi. Bayan asuba na ba shukokina ruwa, lemun tsami da gwaiba da attarugu da tumatir da zogale, kowanne a rabin duronsa, amma kafin a kira azahar ganyen attarugu ya langaɓe. Na tura yatsa cikin ƙasar, saman da ɗan laima, ƙasan kuwa ƙurmus. Ƙasa in ta bushe sosai takan janye daga jikin duro ta bar rata, sai ruwan da aka zuba ya bi ratar ya fice ta hujin gindi, ya malala kan siminti, saiwa ba ta ko ji ƙanshinsa ba.

A Herwagana gida jingine yake da gida, filin lambu sai dai a mafarki. Mai son kore a idonsa dole ya koma duro da buhu da tsohuwar roba. Bishiyar da ke ƙasa tana tura saiwa ta bi danshi duk inda ya gudu. Wadda ke duro iyakarta bangon duron, bangon kuma rana na gasa shi wuni guda. Ga ruwa ba arha ba. Na famfo daga Dadin Kowa ake turo shi, tafiyar kusan kilomita 40, daga madatsar da aka yi a kan kogin Gongola tun shekarun 1980. Ranar da bai zo ba sai 'yan garuwa, su kuma a wannan wata kowace jarka da darajarta. Baban yara bai ce komai ba, amma na ga yadda yake kallon kwatar da ruwan shuka ke bi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Dada na zaune a inuwa tana tsince shinkafa, ta gan ni da buta a karo na biyu. Ta ce, “Ke 'yar nan, wanka kike musu ko shayarwa?” Na ce, “To Dada, ya zan yi? In ban zuba ba su mutu.” Ta ce a ƙauyensu, can wajen Dukku, inda mace kan yi doguwar tafiya kafin ta samo tulu ɗaya, ba mai watsa wa dashe ruwa a ka. Tsohon tulu ake binnewa kusa da shi, a cika, a rufe baki, a tafi harkar gaba. Ta ce, “Shuka ta fi ki sanin ƙishinta. Ki ajiye mata, za ta ɗiba.”

Duk wanda ya san Dukku ya san ba a koya wa mutanen can tattalin ruwa. Gobe kasuwa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na je wajen masu tukwane. Abin da nake nema ƙaramin tulu ne mai siririn wuya, wanda ba a shafe shi da komai ba, ba fenti, ba ƙyalli. Dattijuwar da ke sayarwa ta yi mamaki da na ce ina son wanda ya fi tsattsafo, don kowa mai riƙe ruwa yake nema. Ta ƙwanƙwasa wasu da yatsa tana saurare. Ta ce mai ƙara tangararan ya gasu sosai, ba ya zufa da yawa. Mai ƙara dushi-dushi ko dai bai ji wuta ba ko yana da tsaga a ɓoye. Tsaka-tsaki ta zaɓar mini. Ta ce, “Hajiya, ki cika su ki bar su su kwana. Wanda jikinsa ya yi sanyi da gumi amma bai yi kududdufi a gindi ba, shi ne naki. Wanda ya zubar ki dawo mini da shi.”

Na tambaye ta ciniki. Ta ce roba da firji sun cinye kasuwar randa, sai dai duk lokacin da wuta ta yi wuya mutane su tuna da su. 'Ya'yanta mata ba wadda ta koyi ginin tukunya. Na biya ban taya ba.

Da dare na jera su a bakin rijiyar gida da ta daɗe da ƙafewa, na cika kowanne.

Talata, 8 ga Afrilu

Duk sun ci jarrabawa, sai ɗaya da ya jiƙe ƙasa sharkaf. Shi zai koma.

Aikin yau ya ci ni har la'asar. A duron lemun tsami da na gwaiba akwai saiwa ko'ina, don haka ban haƙa kusa da gindin bishiya ba. Ta gefe na bi da ƙaramar wuƙa da cokali, na yi rami daidai cikin tulun, na zura shi har wuya, na bar bakin a sama da ƙasa kamar yatsa uku don kada ƙasa ta riƙa gangarawa ciki. Sai na mayar da ƙasa na danna ta a hankali ta manne da jikinsa. Wannan mannewar ita ce komai. In akwai iska tsakanin tulu da ƙasa, ruwa ba shi da hanyar ƙetarawa.

Yadda abin ke aiki ba sihiri a ciki. Yumɓun da aka gasa ba a shafe ba cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Busasshiyar ƙasa tana tsotsar ruwa ta cikinsu. In ta ƙoshi sai tsotson ya ragu, tulu ya riƙe abin da ya rage. Ke nan rana mai zafi ya ba da da yawa, rana mai lumshi ya ba da kaɗan, ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba. Saman ƙasa kuma, inda rana da iska ke sace ruwa, yana nan a bushe.

Kafin na cika tulunan na fara jiƙa ƙasar duron gaba ɗaya, sannu-sannu, har ta kumbura ta rufe ratar nan ta gefe. Tulu ba ya farfaɗo da ƙasar da ta riga ta ƙeƙashe, riƙe danshi yake yi. Na kife tsofaffin kwanonin sha a bakinsu, na ɗora dutse. Sannan na baza buntun shinkafa a kan ƙasar, kaurin yatsa biyu zuwa uku, na bar ɗan fili kewaye da gindin kowace shuka.

Laraba, 9 ga Afrilu

Hamma ya zo gaida Dada, ya tarar da kwanoni a kife cikin duro, ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi mai gyaran famfo ne, ba ya yarda da abin da ba bututu a jikinsa. Ya ce, “Ke dai ba ki rabo da kayan tsofaffi. Bari in yi miki na zamani ki ga bambanci.” Dada ta ce, “Yi mana, mu sha kallo.”

Ya aiki yaro ya samo shuɗin duron roba mai cin lita 200, ya tabbatar kayan abinci aka taɓa zubawa a ciki ba maganin feshi ba, ya raba shi biyu da zarto. Gindin bai huda ba ko kaɗan. A gefe ya huda, wajen santimita 14 daga ƙasa, ya soka guntun tiyo. Ya zuba wankakkiyar tsakuwa har daidai hujin. Ya tsayar da bututu a jikin bango, ƙasansa a yanke a karkace yana cikin tsakuwar, samansa ya ɗara bakin duro. Ya shimfiɗa buhun shinkafa a kan tsakuwa don kada ƙasa ta zurara ta toshe wurin ruwa, amma a tsakiya ya yi rami cikin tsakuwar ya lotsa buhun ciki, ya cusa ƙasa ta sauka har gindi. Ya ce wannan lotsawar ita ce lagwani: yadda lagwanin fitila ke jan kananzir sama, haka wannan ƙasa za ta riƙa jan ruwa tana raba wa ta sama.

Ƙasar da ya haɗa ba irin wadda nake ɗebowa bayan gida ba ce. Jigawa zalla ba ta jan ruwa sama da nisa, laka zalla kuma takan cushe ta hana saiwa numfashi. Ya gauraya jigawa da ruɓaɓɓen takin awaki da buntu da ɗan dakakken gawayi. Zurfinta bai bari ya wuce santimita 30 ba, don a cewarsa iyakar abin da ruwa ke iya hawa ke nan a irin wannan ƙasa kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Da muka zuba ruwa ta bututu, rabin jarka kawai ya sha, sai ga shi yana tsiyaya ta tiyo. Na ce, “Hamma, duk wannan wahala rabin jarka?” Ya ce tsakuwa ta cinye wurin, ruwa tsakankaninta kawai yake zama. Mun dasa attarugu biyu da na raina a gwangwani, muka ba su ruwa ta sama na farko, tunda saiwarsu ba ta kai ko'ina ba tukuna.

Kuɗin duro da bututu da tsakuwa ya sayi tuluna da yawa. Ban faɗa masa ba, tunda aikin kyauta ya yi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Hannuna ƙaiƙayi yake yi. Na ɗauki buta na ajiye ya fi a ƙirga. Saman ƙasa a bushe yake ƙarƙashin buntu, zuciya na cewa zuba. Na tona da yatsa kusa da tulun lemun tsami, sai ga sanyi. Na fara zargin cewa rabin ban-ruwan da muke yi wa shukar gida don hankalinmu ya kwanta ne, ba don shukar ba.

Ruwan tulun gwaiba ya sauka sosai, na lemun tsami kaɗan. Gwaiba ganyenta ya fi faɗi, kuma ita ke fuskantar yamma.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, “Maman yara, ba dai gidan sauro kike gina mana ba?” Tambayar tana kan hanya. Sauro ba ya buƙatar tafki; ruwan da ya kwanta a gwangwani ya ishe shi, kuma a irin wannan zafi daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi mako guda zuwa kwana goma ba. Irin wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi ma ya fi son ruwan mazubai na cikin gida. Na nuna mata kwanonin da ke kife. Na yanko tsohon gidan sauro na ɗaure bakin bututun Hamma da bakin tiyo da roba. Duk mai wannan aiki da ya bar baki a buɗe, ya cuci unguwa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hutun makaranta ya ba ni sarari, na zauna na bi tarihin dabarar Dada. Ashe ta tsufa ƙwarai. Wani masanin noma na ƙasar Sin mai suna Fan Shengzhi ya rubuta yadda ake binne tulu a tsakiyar ramin shuka a riƙa cika shi da ruwa, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Har yau ana yi a busassun yankunan Indiya da Iran da Meziko da arewacin Afirka. Na karanta wa Dada, ta ce, “To su ma sun sha ƙishi ke nan.”

Abin ya tuna mini da marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, wanda ya saka tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex a kan haka. Yumɓu ɗaya ne, zufa ɗaya ce: a wajensa tana tashi sama ta tafi da zafi, a wajena tana shiga ƙasa ta tarar da saiwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne sai an yaba abu a Turai sannan mu waiwaye shi, alhali mai gina shi tana bakin kasuwa tana korar ƙuda.

Ga mu da Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa, ga shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green da aka fara a 2019. Kowa ya san ba dasawa ce wahalar bishiya a ƙasar nan ba, raninta na farko da na biyu ne. Da ina da murya a inda ake shawara, da na ce a gwada raba dashe tare da tulunsa, ko a makarantu da masallatai kawai, a ga abin da zai rayu. Masu ginin tukwane ma sa samu abin yi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Gobe za mu Kaltungo bikin 'yar Goggo. Da can in tafiya ta kama a bazara, sai in bar wa yaran maƙwabta amana, in dawo in tarar ko sun manta ko sun mayar da duro fadama. Yau na cika tuluna har wuya, na cika na Hamma har tiyo ya tsiyaya. Na ja durorin ƙarfe zuwa jikin katangar yamma inda inuwa ke sauka bayan azahar, na naɗe su da tsofaffin buhunan algarara. Tumatir da zogale ba su da tulu. Su na yi musu ban-ruwa na ƙoshi na bar su da Allah. Dada za ta zauna, amma na roƙe ta kada ta taɓa komai. Ta ce, “Ni da ko tsayuwa sai da sanda?”

Alhamis, 17 ga Afrilu

Mun dawo da yamma. Ko mayafi ban cire ba na nufi wajen shukokina.

Lemun tsami garau, har da sabon toho ja-ja a kan reshe. Tulunsa da sauran ruwa a gindi. Gwaiba ta shanye nata tas, ganyen ƙasa ya fara naɗewa, amma ƙasar da sauran sanyi. Da mun ƙara kwana da an ji jiki. Attarugun Hamma sun miƙe, na zura kara ta bututu ya fito a jiƙe kusan rabi. Zogale ko a jikinsa, shi dama ɗan wahala ne. Tumatir ya kwanta, ya zubar da fure, 'ya'yan da ya ɗauka biyu sun yi baƙin tabo a gindi.

Wannan tabo ba ƙwaro ba ne, ba kuma a fesa masa magani. Yana zuwa ne in ruwa ya riƙa yankewa yana dawowa, sinadarin kalsiyam ya kasa isa ƙarshen ɗan tumatir. Zubar fure kuwa har da laifin zafi: in rana ta haura digiri 35, dare kuma bai huce ba, furen tumatir ba ya ɗaukar 'ya'ya ko da a cikin kogi aka dasa shi. Shi ya sa masu lambun Kwadon da Dadin Kowa ke cin kasuwarsa da sanyin hunturu, shi ya sa kuma yake tsada in bazara ta yi nisa. Tulu ba zai gyara wannan ba. Tumatir a duro aikin Nuwamba ne.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Hamma ya zo karɓar yabo. Na ba shi, don ya cancanta. Amma Dada ta sa shi ya tona gefen tulun lemun tsami. Fararen saiwoyi sirara sun fara nufo jikin tulun. Ya yi shiru, can ya ce, “Dada, ai ban ce naku ba ya aiki ba.” Ta ce, “Ka dai yi dariya.”

Ya gargaɗe ni da abu guda da ban yi tunani ba. Ruwan burtsatse da 'yan garuwa ke kawowa wani yana da gishiri-gishiri, irin wanda ke barin fari a gindin buta. In ana shayarwa ta ƙasa kullum, gishirin na hawa ya taru a sama, kuma a hankali yana toshe ƙofofin tulu. Maganinsa a riƙa tono tulu bayan kaka a goge shi da soso, duro kuma lokaci-lokaci a kwarara masa ruwa ta sama har ya fita ta huji. Ruwan wanki mai omo kada ya kusanci ko ɗaya. Na alwala da na wankin shinkafa da aka tace, waɗannan na tara su a bokiti, su nake zubawa yanzu.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gara ta gano buntu a duron gwaiba. Na kwashe wanda ta fara ci, na ɗora duron kan bulo biyu don ya rabu da tsagar simintin da take fitowa. Kiyashi kuma sun yi layi zuwa bakin tulu, ƙishi ne ya kawo su, ban kula su ba. Akuyar maƙwabta ta ture kwano ɗaya. Na sauya dutse mai nauyi.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Hadari ya haɗu ta gabas bayan la'asar, iska ta taso da ƙura da ledoji, aka yi yayyafi da bai jiƙa ko tabarma ba. Amma ya tuna mini cewa damina na tafe, kuma a nan ne dabarun biyu za su rabu. Duron da ke da tulu a huje yake ta gindi, ko an kwana ana ruwa zai tsiyaye, tulun kuma zai daina bayarwa da kansa. Na Hamma gindinsa a toshe yake, ransa duka na wannan ɗan tiyo. In ya toshe da laka ko ganye, ruwan Agusta zai cika duron, saiwa ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Na zura tsinke na share shi, na kwarara bokiti ta sama don gwaji, ya fitar.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na zauna na yi lissafin jarkoki. Ban auna da mudu ba, amma ɗan garuwan da ke kawo mana ya riga ni lura, ya ce, “Hajiya, ko kin sami wani ne?” Shukokin da nake bi safe da yamma yanzu sai in leƙa tulu in ƙara abin da ya ragu, wani bayan kwana biyu, wani fiye.

Ga hukuncina. Na Hamma ya fi daɗewa bai nemi ƙari ba, kuma ya dace da kayan miya masu gajeriyar saiwa, attarugu da alayyafo da na'a-na'a, ga wanda zai fara sabon duro kuma yana da kuɗin kaya. Amma ba a yi wa bishiyar da ta riga ta kafu sai an tumɓuke ta, kuma lemun tsami ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ga babbar shuka da ke zaune a mazubinta, tulu ya fi: ya fi arha, ba ya son gwani, ba abin da zai toshe ya kashe shuka, in ya fashe kuma kasuwa na nan. Gwaiba tana son na biyu, ko ɗaya babba.

Na mayar wa dattijuwar tulun da ya zubar, ta canza mini, na ƙaro wasu. Ta ce in ruwa ya sauka gashin tukwane sai ya yi wuya, don yumɓu ba ya bushewa kuma makamashi na jiƙewa. Mai son gwadawa ya je yanzu, ya ƙwanƙwasa kafin ya biya, kuma kada ya bar kasuwa bai sayi murfi ba.